Layin da Baba Mayar-Baya Ya Bari Ba a Cike Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Mayar-Baya, tsohon mai kwafe hirarraki a wannan jarida, yana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar mako uku. Babban ɗansa ne ya kira ni ina tsakiyar taron editoci. Na ajiye wayar, na dubi mutum tara da ke kewaye da teburin, sai na ga babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa aiki da shi. Na ce su ci gaba, na ɗauki hulata na fita.

Baba, akwai maganar da ya kamata in faɗa shekara ashirin da uku da suka wuce. Mutum uku ne suka san ta: ni, da editanmu na wancan lokaci wanda ya riga ka tafiya, da kai. Ka riƙe ta har ka shiga kabari ba ka gaya wa kowa ba, ko matata da ta tambaye ka baki da baki. Yau zan faɗe ta. Amma bari in fara gaya wa yaran yanzu ko kai wane ne, domin sun taso sun tarar waya ce ke rubuta abin da aka faɗa, ba su san an taɓa yin mutum mai wannan aiki ba.

Ɗakinka na ƙarshen baranda, dab da matakala, taga ɗaya gare shi. Tafireta a gabanka, rakoda a hannun hagu, abin sauraro a kunne wanda soson jikinsa ya ƙoƙe har ka naɗe shi da ƙyalle. Ɗan rahoto zai dawo daga hira ya miƙa maka kaset, kai kuma ka zauna ka mayar da murya rubutu, kalma bayan kalma. Bangon bayanka kwalayen takalma ne tun daga ƙasa har silin, cike da kaset. A jikin kowanne ka manna 'yar takarda mai layi huɗu: wanda ya yi magana, wanda ya yi hira, wanda ya kwafe, wanda ya yi kanun labari. Layi na huɗu sai jarida ta fito kake cike shi.

Sunanka kuwa bakinka ne ya jawo maka. Duk gardamar da ta tashi a ofis, ko a kan abin da wani shugaba ya ce ne, ko a kan wanda ya yi alkawarin sayo sukarin shayi, amsarka ɗaya ce: "Mayar baya mu ji." Ba ka son ɓarnar batir, don haka da biro kake nannaɗe kaset, kana juya shi a iska kamar mai kaɗi. Na tuna wani babban mutum da ya ce "wato" sau arba'in da ɗaya a hirar minti goma, ka buga su duka arba'in da ɗayan. Da ɗan rahoton ya yi ƙorafi, ka ce cirewa aikinsa ne, kai ba a ba ka almakashi ba. Ba ka taɓa hana mu yanke "wato" ba. Abin da ba ka yarda da shi ba shi ne a saka wa mutum maganar da in ya karanta ba zai gane kayansa ba.

Ni a lokacin ɗaya ne daga cikin mutum biyu masu yin kanun labari, ina ji da kaina ƙwarai, don an ce kanuna na sayar da jarida. Duk da haka ka ja ni a jiki. Mahaifina bai iya rubutu ba, a kaset yake aiko mini da saƙo. Bayan rasuwarsa rakodata ta tauna kaset ɗinsa na ƙarshe, na kawo maka zaren a dunƙule cikin leda, ina jin kunyar hawayen da ke idona. Ka karɓi ledar. Kwana uku kana warwarewa da tsinken ashana, kana yanka da reza kana haɗawa. Ranar ta huɗu ka ba ni kaset ɗin, haɗe da shafi biyu da ka buga, har inda tsohon ya yi tari ka rubuta cewa ya yi tari. Takardun nan suna cikin akwatina har yau. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin mutumin da na bari aka kora ina kallo.

Ga yadda abin ya faru. An fara zagayen allurar rigakafin ƙyanda a garin nan, ana ta ƙananan maganganu a kai. Ɗan rahotonmu ya je wurin wata likitar yara wadda ta yi shekaru tana bincike a kan lafiyar allurar, ya yi hira da ita, kai ka kwafe. Takardarka ta iso teburina ranar Laraba bayan azahar, saura ƙasa da awa guda a tura shafin farko maɗaba'a. Abin da likitar ta ce, kamar yadda ka buga shi, shi ne: "Wasu yaran sukan yi zazzaɓi bayan allura, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Abin da ke kashe mana yara ƙyandar ce, ba allurar ba."

Filin da aka bar mini layi biyu ne na manyan baƙaƙe. Na gwada kanu uku, edita ya mayar mini da su, ya ce babu gishiri. Sai na ɗauki fensir, na ɗebo tsakiyar jimlar farko, na ɗebo kan ta biyu, na haɗa su: "Zazzaɓi bayan allura na kashe mana yara, in ji likita." Na ƙirga baƙaƙen, suka shiga filin cif. Wallahi abin da na fara ji a raina daɗi ne, irin daɗin da kafinta ke ji in ƙofa ta zauna daidai. Edita ya buga tebur ya ce wannan shi ne kanu.

Ka zo karɓar takardarka, ka tsaya a bayana ka karanta. Ka ce, "Ɗana, ba ta faɗi haka ba."

Na ce, "Baba, duk kalmominta ne. Nuna mini wadda na ƙirƙira."

Ka ce, "Kalmominta ne, amma ba maganarta ba ce. Zo mu mayar baya mu ji."

Na ce babu lokaci. Ka wuce wurin edita, ya ce maka aikinka ya ƙare a bakin tafireta. Washegari muka buga kwafi dubu goma sha biyu, kafin azahar babu ko ɗaya a hannun masu talla. A ofis har tafi aka yi mini.

Masu iya magana sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya. Cikin mako biyu layin matan da ke kai yara rigakafi ran Talata, wanda kan zagaye katangar asibitin da likitar ke aiki, ya koma bai cika benci biyu ba. Masu shayi suka manna shafin a jikin allo, waɗanda suka iya karatu suna karanta wa waɗanda ba su iya ba. Aka dakatar da likitar daga aiki, aka kafa kwamitin bincike. Ta rantse ba ta faɗa ba, mu kuma muka buga cewa muna nan a kan bakanmu. Sa'an nan edita ya aiko masinja ɗakinka, wai kaset ya yi ƙaranci, a ba da na likitar a ɗauki wata hira a kansa.

Ina tsaye a barandar lokacin, na ga abin da ka yi. Ka ɗauko kaset ɗin, ka sa bakin biro ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samansa, waɗanda in babu su rakoda ba ta yarda ta ɗauki sabuwar murya a kai. Ka zura shi a aljihun gaba, ka ciro sabon kaset daga durowarka ka miƙa wa masinja, ka ce a gaishe da edita. Ranar zaman kwamiti ka sa farar rigarka, ka rungumi rakodarka, ka tafi ba wanda ya gayyace ka. Aka ce ka jira a waje tun safe har la'asar, ka jira. Da aka shigar da kai ka danna maɓalli kawai, muryar likitar ta cika ɗakin. Wani da ya halarci zaman ya gaya mini shugaban kwamitin ya sa an maimaita sau uku, sa'an nan ya tambaye ka wane ne ya rubuta kanun. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ni abin da aka faɗa na kawo. Wanda ya rubuta yana da rai, yana da baki."

Ina da rai, ina da baki, amma ban buɗe shi ba. Aka mayar da likitar bakin aikinta. Mu kuma muka buga gyara, layi uku a shafi na goma sha huɗu, ƙarƙashin tallan tsofaffin motoci, muka ɗora laifin a kan kuskuren aiki. Kai aka ba takardar sallama bisa fitar da kayan kamfani ba da izini ba, saura shekara huɗu ka yi ritaya, kana da 'ya'ya biyar a makaranta. Ranar da za ka tafi ka bi tebur-tebur kana sallama. Da ka zo nawa ka kama hannuna da hannu biyu, ka ce in gaishe da iyali. Na kasa ɗaga ido daga kan fensirina.

In da a nan labarinka ya tsaya, da ya isa a tuna da kai. Abin da ka yi bayan haka ne ya fi tsaya mini a rai har yau. Ka kafa tebur a ƙarƙashin wata rumfa kusa da gidan waya, kana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Amma duk ranar Talata ba ka buɗewa. Kakan ɗauki ɗan benci da rakoda ka zauna a bakin ƙofar asibitin, inda mata ke wucewa zuwa awo da karɓar magani. A cinyarka akwai shafin nan namu, ka lulluɓe shi da leda. Duk matar da ta zo da goyo sai ka gaishe ta, ka nuna mata shafin, ka ce ga abin da jarida ta ce likita ta ce, yanzu ga likitar da bakinta. Sai ka danna. Ba ka wa'azi, ba ka gardama, ba ka taɓa ce wa kowa ta je ta yi allura ba. In ta saurara har ƙarshe, sai ka ja ɗan layi a wani littafin makaranta, ka nannaɗe kaset da biro, ka jira ta gaba.

Da farko masu gadi sun kore ka, suna zaton magani kake talla. Wasu mazan sun zage ka, wani ya taɓa shure rakodar har murfinta ya fita, ka ɗaure shi da roba ka ci gaba. Daga baya ma'aikatan jinya suka riƙa fito maka da ruwa. Likitar da kanta ta ba ni labari a wurin ta'aziyyarka cewa bayan kamar shekara biyu ta fito ta same ka, ta ce, "Baba, ka huta haka nan. An wanke ni, layi ma ya fara dawowa." Ka ce mata, "Likita, dubu goma sha biyu aka buga. Ni ina samun ashirin da biyar a Talata in kasuwa ta yi kyau. Ke ce mai ilimi, ki yi mana lissafi." Ta ce ta koma ofis ta yi lissafin, ta zauna ta kasa duba mara lafiya na gaba. Shekara tara da 'yan watanni ka yi a bakin ƙofar nan. Wata Talata ka ja layi na ƙarshe, ka gaya wa mai gadi ka cika, ka ɗauki bencinka ka tafi.

A shekarar da ta biyo bayan kanun nan ƙyanda ta shiga unguwannin da ke bayan asibitin. An binne yara. Ban san nawa ne daga cikinsu kanuna ya hana a kai su ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini. An ce kana zuwa jana'izar duk wanda ka ji labari. Ni hanyar ma na daina bi, nakan zagaya ta bayan kasuwa in ƙara minti ashirin a tafiyata don kada in gan ka.

'Yata tana da wata tara a lokacin. Na ce wa maiɗakina ta kai ta allura, ta ce ba inda za ta. Na ce jaridu kan yi ƙari. Ta ce, "Ba jaridarku ba ce? In ƙarya ce ai kai za ka fara sani." Kalma huɗu kawai zan faɗa in ceci 'yata, ni na rubuta shi, amma na zaɓi mutuncina a idon matata. Wata biyar yarinyar nan tana yawo ba rigakafi, ƙyanda na gidan maƙwabta, ni kuma kullum da safe sai na ɗaga rigarta in duba bayanta kafin in fita.

Wata Talata maiɗakina ta kai ta asibiti saboda tari, ta dawo da katin rigakafi an buga masa hatimi. Ta ce, "Na ga dattijon nan na wurin aikinku, wanda ya zo barka lokacin haihuwa. Ya sa mini muryar likitar na ji da kunnena. Ashe ƙarya aka yi wa baiwar Allah." Ta ce ta tambaye ka wane marar tsoron Allah ne ya rubuta abin nan, ka ce mata, "'Yata, jarida ce ta buga. Shiga da yarinyar kada su tashi." Sa'an nan ta ɗaga hannu a gabana ta ce Allah ya isa tsakaninta da ko wane ne. Ina zaune da loma a hannu, na ce amin.

Ka san matar wace ce, Baba. Ka san wanda ya jawo aka raba ka da abincinka yana gida yana jiran ta. Kalma ɗaya ta ishe ka, kuma babu mai ganin laifinka. Na yi shekaru ina juya wannan a raina, ban gano inda mutum ke samo irin wannan zuciya ba.

Duniya ta yi ta tafiya, har na zama editan wannan jarida. Shekara shida da suka wuce na tattara ƙarfin hali na zo rumfarka, na ce ka dawo ka kula mana da ɗakin ajiyar tsofaffin hirarraki. Ka yi dariya ka ce kunnen ya tsufa, yanzu in an ce gishiri sai ka ji sukari. Ka tambayi 'yar taka, na ce har an sa mata rana. Da na tashi tafiya na ce, "Baba, maganar nan ta shekarun baya..." Ka ɗaga hannu ka tsayar da ni. Ka ce, "Ni na yafe tun ranar. In ka shirya faɗa, ba ni za ka gaya wa ba." Na koma mota na ce wa kaina zan yi a mako mai zuwa, makon bai zo ba sai da aka ɗauke ka.

Ranar Lahadi na koma gidanka gaisuwa. Inna, matarka, ta sa aka kira ni ciki, ta miƙo mini wani ƙullin mayafi. Ta ce, "Ya ce in ba ka wannan hannu da hannu. Ya ce akwai sauran aiki a jiki, kuma ba nasa ba ne." Kaset ɗin ne, na ainihi, mai ɓallallun kunnuwa. Takardar jikinsa ta yi ja saboda daɗewa, rubutun hannunka na nan a tsaye kamar yadda na san shi. Wanda ya yi magana, ka cike. Wanda ya yi hira, ka cike. Wanda ya kwafe, ka sa sunanka. Layi na huɗu babu komai. A cikin dubban kaset ɗin da ka yi wa takarda, wannan kaɗai ka bari haka.

Na roƙi ɗanka aron biro, na ɗora kaset ɗin a gwiwata a tsakar gidanka, na rubuta sunana.

Don haka ga shi a shafin farko, inda na yi ɓarnar. Ni na yi kanun nan. Ba ɗan rahoto ba ne, ba kuskuren maɗaba'a ba ne, kuma an gargaɗe ni kafin a buga. Likitar ba ta taɓa cewa allura na kashe yara ba. Abin da ta ce shi ne: "Wasu yaran sukan yi zazzaɓi bayan allura, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Abin da ke kashe mana yara ƙyandar ce, ba allurar ba." Likita, ki yafe mini in za ki iya. Iyayen da suka karanta suka zauna a gida, ban san da wane baki zan roƙe ku ba, amma ina roƙo.

Kafin in miƙa wannan rubutu na karanta wa maiɗakina shi, tana riƙe da jikanmu wanda aka yi wa tasa allurar a watan jiya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta dubi yaron ta ce, "Ashe Allah ya isan da nake yi duk shekarun nan a cikin gidana take sauka." Ta tashi ta shiga ɗaki. Har zuwa lokacin da nake rubuta wannan layi ba ta ce ta janye ba, ni kuma ban ga ina da bakin tambaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar waɗanda suka yi karatu cikin ƙunci saboda abin da na aikata, da jikokinka, da dubban matasan garin nan da ke yawo lafiya ba su san akwai wani dattijo da ya tare iyayensu a bakin ƙofa ba. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa kowane ɗan layi da ya ja a littafin nan ya zama nauyi a mizaninsa. Yadda ya rufa wa wanda ya cuce shi asiri shekara ashirin da uku, ka rufa masa nasa ranar da babu abin da ke ɓuya. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Mu kuma da muka rage da alƙalami a hannu, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani, kuma ranar da za a mayar mana da duk abin da muka faɗa baya mu ji, ka sa mu iya tsayawa mu saurara. Amin.